Yadda ake farfaɗo da Cadillac ƙirar 1956 da ta daɗe a ajiye

Har yau a Amurka ana tarar da manyan motocin alfarma na bayan Yaƙin Duniya na Biyu a rumbunan gona da garejin gidaje, ƙura ta lulluɓe su, tayoyi sun sace, an yi shekara 30 ko 40 ba a tayar da su ba. Bari mu ɗauki guda ɗaya mu bi ta daki-daki: Cadillac ƙirar 1956, wadda aka haɗa a masana'antar kamfanin da ke titin Clark a Detroit, jihar Michigan. Nauyinta ya kai tan biyu, tsawonta ya haura mita biyar, injinta V8 ne mai lita 6 da ƙarfin doki 285. An ƙera sama da 150,000 a waccan shekarar, don haka kayan inji da na birki ba sa wuyar samu. Abin da ke cin kuɗi da lokaci shi ne tsatsa da kayan ado.

Kurakurai biyu ne suka fi kashe irin wannan aiki. Na farko, a sa batir a murɗa makulli ranar da aka kawo ta. Na biyu, a kwance ta ƙaf cikin mako guda, sannan a gane babu kuɗin mayar da ita. Tsarin da ya fi shi ne a bincike ta, a tsaftace ta, a tashi injin a hankali, a gyara birki, a hau ta. Sai bayan nan a yi maganar fenti.

Kafin ka biya kuɗi

Fara da takardar mallaka, wadda jihohin Amurka ke bayarwa. Lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda aka buga a jikin injin da kuma kan ƙarfen shasi ta hannun dama. A Cadillac na wancan zamani lambar inji ita ce lambar mota, saboda haka idan an taɓa sauya inji za ka ga lambobin sun saɓa, kuma darajar motar ta ragu.

Buɗe bonet ka nemi ƙaramin farantin ƙarfe na Fisher Body, kamfanin da ya ƙera bodin, a bangon da ke tsakanin inji da ɗakin fasinja. A nan aka rubuta samfurin bodi da lambar fenti da ta kujeru. 56-6237 na nufin Series 62 mai ƙofa biyu. Idan an ƙara DX, Coupe de Ville ce. 6239DX kuwa Sedan de Ville ce mai ƙofa huɗu, wadda aka fara fitarwa a 1956. Kamfanin General Motors, wanda ya mallaki Cadillac, na ajiye da takardun masana'anta na Cadillac, ana iya neman kwafi da lambar motar don a ga launin da ta fito da shi da kayan da aka saka mata.

Sannan ka ƙirga kayan ado ɗaya bayan ɗaya: rubutun gefe, tambarin V na gaba da baya, sandunan ƙarfe masu ƙyalli na jikin ƙofofi, murafan tayoyi, gilasan fitilu. Wanda ya ɓata, ka rubuta shi ka nemi farashinsa kafin ciniki. Famfon ruwa sabo ana sayo shi da kiran waya ɗaya. Sandar ado ta gefen baya ta Coupe de Ville kuwa sai ka yi wata da watanni kana nema a wajen mambobin ƙungiyar Cadillac & LaSalle ko a kasuwar tsofaffin kayan mota ta Hershey a Pennsylvania, wadda ke ci kowane watan Oktoba.

Tsatsa

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, don wata motar kyan ɗan maciji gare ta. Ka tafi da tocila, da ƙaramin maganaɗisu, da sukudireba mai tsini, da ƙaramar guduma. Tambayi inda motar ta yi rayuwarta. A jihohi irin su Michigan da Ohio da New York ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ƙasa. Motar Arizona ko Nevada takan zo da fenti da kujeru da rana ta ƙone, amma ƙarfenta lafiya. Ta biyun ta fi kyan saye nesa ba kusa ba, ko da idonka ya fi son ta farkon.

Ɗaga kafet ka duba daɓen ƙasa wajen ƙafar direba da na fasinja. Ruwa na shigowa ta robar gilashin gaba da ta tsage, ya jiƙa audugar da ke ƙarƙashin kafet, ita kuma ta riƙe shi shekara da shekaru. Buɗe but, ciro tayar safiya, duba ramin da take zama da kusurwoyin bayan tayoyin baya. Bi ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi daga gaba zuwa baya kana dannawa da sukudireba. Manna maganaɗisu a ƙasan fenda da ƙasan ƙofa: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila. A wasu mahaɗai, kamar inda rufi ya haɗu da bodi, masana'anta da kanta ta yi amfani da dalma, don haka rashin kamawa a can ba laifi ba ne.

Yanzu shiga ƙarƙashi. Bodin wannan mota daban yake da shasi, an ɗaura shi ne da notoci a kan robobi. Ƙwanƙwasa shasin da guduma. Ƙarfe mai lafiya amo yake yi. Wanda ya ruɓe daga ciki sai ka ji ɗif, garin tsatsa na zubowa. Duba musamman inda shasin ya lanƙwasa ya hau kan gindin tayoyin baya, da wuraren da sifirin ke maƙale, da kowane mazaunin bodi. Daɓen ƙasa da ya huje, mai walda zai yanke ya sa sabo. Shasin da sukudireba ke shiga cikinsa a wurare da dama kuwa, wannan motar ta cire kaya ce, kada ka yi wa rogo kallon kitse.

Kada ka manta da bambar baya. A wannan ƙira salansa biyu ne, kuma hayaƙinsu ta cikin kusurwoyin bamba yake fita. Zafi da raɓa da guban hayaƙi sukan cinye kusurwoyin nan daga ciki, ga su da tsada. Zura yatsa ka ji kaurinsu.

Ɗaukowa da share ta

Kada a ja ta da igiya ko a bar tayoyin baya suna birgima a titi, don giyar za ta yi ta juyawa babu isasshen mai. A ɗora ta a kan motar ɗaukar kaya mai shimfiɗa. Idan taya ta ƙi juyawa, birki ne ya manne da durom: a ɗaga ta, a sassauta abin daidaita birkin ta ramin da ke bayan farantin, a bubbuga gefen durom da gudumar roba. Wasu motocin Amurka na lokacin notocin tayoyinsu na hagu a juye suke kwancewa, sai ka duba ko an buga harafin L a kan kusar kafin ka matsa. Sifanonin milimita ba su dace da wannan mota ba, sai na inci: 7/16, 1/2, 9/16, 5/8 da 3/4 su ne za ka fi amfani da su. Wanda ya tilasta na milimita zai cinye kan noti.

Ɓeraye sukan yi sheƙa a kujeru da cikin hita da gidan matatar iska. Kashinsu na iya ɗauke da cuta mai kama huhu, don haka kada a share shi a bushe. Sa takunkumi da safar hannu, fesa ruwan bilic da aka sirka, kashi 1 cikin 10 na ruwa, bari ya jiƙa minti biyar, sannan a kwashe. Kafin ka cire komai, ɗauki hoto ta kowace kusurwa. Duk abin da ka kwance, sa shi a leda tare da notocinsa ka rubuta inda ya fito.

Tashin inji

Ciro sandar auna baƙin mai. Idan man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai an buɗe injin. Idan baƙi ne kawai, ci gaba. Yi wa wayoyin fulogi lamba, hure ƙurar da ke gefensu, cire fulogi takwas ɗin, ka jera su yadda suka fito don kowanne na ba da labarin silindarsa. Zuba kamar cokali biyu zuwa uku na man giyar otomatik a kowace silinda, ka bar shi mako guda.

Bayan nan ka gwada juya injin da hannu, ta notin gaban kiranshaf ko ta haƙoran filawil bayan ka cire murfin ƙasa. Ɗan gaba, ɗan baya. Idan ya ƙi, ƙara mai ka ƙara jira. Kada ka sa dogon bututu ka danna da ƙarfi, zoben fistin zai karye ko sandarsa ta lanƙwashe. Idan ya motsa, cire murafan bawul biyu kafin ka yi cikakken zagaye. Kalli bawul 16 ɗin yayin da ake juyawa. Wanda ya sauka bai dawo ba, ya maƙale. Fesa masa mai a wuyansa, ka ɗan bubbuga shi da gudumar tagulla har ya riƙa dawowa da kansa. Idan aka yi kik alhali bawul na maƙale, siririyar sandar da ke tura shi ce za ta lanƙwashe.

Sauke kaskon baƙin mai. Aiki ne mai ɗan wahala don wani sashen sitiyari na tare hanya, amma kada ka tsallake shi. Matatar mai ta wannan inji wani kaso kaɗan na man take tacewa a kowane zagaye, man wancan zamani kuma yana barin dauɗa ta kwanta. Za ka tarar da laka baƙa mai kauri kamar kwalta, wani lokaci ta toshe ragar da famfo ke zuƙar mai. Wanke kasko da raga da kananzir, sa sabon gasket, sauya matata, zuba mai wajen lita 5 zuwa 6. Nemi man da aka yi don tsofaffin injina, mai yawan sinadarin zinc, domin irin kamshaf ɗin wannan inji gogayya yake yi kai tsaye, man zamani kuma an rage masa wannan sinadari.

Motar fitilar gargaɗi kawai gare ta, don haka ka ɗaura agogon auna ƙarfin mai na wucin gadi. Fulogi na cire, wayar kwayil a cire, yi kik na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka huta minti ɗaya don kada kik ya ƙone, ka maimaita har allura ta tashi kuma ka ga mai ya iso saman bawul. Daga nan auna matsin kowace silinda. Daidaiton lambobin ya fi girmansu muhimmanci: mafi ƙanƙanta kada ta gaza kashi 75 cikin 100 na mafi girma. Idan ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata ɗan mai ka sake aunawa. Ta tashi, zobe ne; ba ta tashi ba, bawul ne. Biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ɗin tof ne. Zoben da ya manne saboda zama yakan saki bayan injin ya yi zafi sau da yawa, saboda haka kada ka yanke hukunci a awon farko.

Wuta kuma: sabon kwantak da kwandensa, tazarar kwantak inci 0.016, ta fulogi inci 0.035. Jerin tashin silinda shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2.

Tsohon fetur

Wanda bai san motar ba zai zagaya ta bai ga bakin tanki ba. Yana ƙarƙashin fitilar baya ta hagu: danna ɗan madannin da ke jikinta, fitilar ta ɗaga sama. Sunsuna. Idan ka ji wari irin na tsohon fenti, fetur ya zama danƙo.

Kada ɗigo ɗaya na wannan fetur ya shiga inji. Ga dalili: injin zai iya tashi da shi ya yi aiki lafiya yau, amma danƙon zai shafe wuyan bawul, da dare ya huce ya daskare kamar gam, gobe da safe ka yi kik sanduna su lanƙwashe. Cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ka ba famfon mai sabon fetur daga ƙaramar jarka. Tankin, mai cin galan 20, wato lita 75 da ɗoriya, a sauke shi a wanke ko a sayi sabo, wanda sau da yawa shi ya fi sauƙi. Kada mai walda ya kusance shi da wuta ko da ya yi shekaru a bushe. Sauya dukkan tiyoyin roba da fatar cikin famfon mai da irin waɗanda ke jure itanol, don yawancin fetur ɗin Amurka yanzu na da kashi 10 cikin 100 nasa, yana kuma narka tsohuwar roba. Kafireta, ko ƙirar kamfanin Rochester ce ko ta Carter, mai maƙogwaro huɗu ce. A kwance ta a jiƙa, a hure ramukanta da iska, a sa sababbin gasket da allura. Kada a zura waya a ramukan, tana faɗaɗa su.

Ɓangaren ruwa ba shi da dogon bayani: sababbin tiyoyi da fanbel, a kai lagireto a wanke, a duba faifan toshiya na gefen inji, don sukan huje ta ciki.

Ranar tayarwa ku kasance mutum biyu, a fili, da abin kashe gobara a hannu, gidan matatar iska kuma a rufe. Ido ɗaya a kan agogon mai: daƙiƙa biyar bai tashi ba, kashe. Hayaƙi mai shuɗi zai fito, man da ka zuba ne. Ƙarar ƙyas-ƙyas ta saman inji takan lafa cikin minti 15 zuwa 20 idan mai ya cika matura bawul. Bugu mai nauyi daga ƙasa kuwa boris ne, a kashe nan take.

Birki

Wannan mota layin birki guda ɗaya gare ta. Sai 1962 Cadillac ta raba shi biyu. Ma'ana, tiyo ɗaya ya fashe, tayoyi huɗu sun rasa birki, ga tan biyu na ƙarfe. Saboda haka babu zancen gyaran rabi. Sauya tiyoyin roba uku, da silindojin tayoyi huɗu, da bututan ƙarfe duka. Yi amfani da bututun ƙarfe ko na haɗin nikel da tagulla, a naɗe bakinsa ninki biyu. Zallar tagulla tana tsagewa da girgiza. Tsohon tiyo yakan kumbura ta ciki alhali waje lafiya, sai ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, birki ya riƙe taya.

Durom ɗin inci 12 ne, kuma ba a son a fafe shi fiye da inci 0.060. Tsofaffin takalman birki na da asbesto, kada a hure ƙurarsu, a jiƙa a goge. Yi gefe ɗaya ka gama kafin ka kwance ɗayan, don ya zama maka abin kwaikwayo. Mastan birkin haɗe yake da na'urar ƙara ƙarfi mai aiki da zuƙar iskar inji. Idan robarta ta mutu, takan tsotse man birki zuwa cikinta, ka ga mai na raguwa babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. A aika ta wajen wanda ya ƙware a kanta. Zuba man birki samfurin DOT 3, kada ka gauraya da DOT 5, ka fitar da iska daga tayar baya ta dama, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, sai gaba ta hagu. Birkin hannu ma a gyara wayarsa, shi kaɗai ne madogara idan na ƙafa ya tafi.

Tayoyi a sauya duka ko da zanensu bai ci ba. Asalinsu 8.00-15 ne, 235/75R15 na zamani yana zama.

Giya da wayarin

Giyar Hydra-Matic ce mai hawa huɗu, kuma a 1956 aka fito da sabon samfurinta. Lura da cewa ribas yana can ƙarshen jeri, bayan L. Man ya zama ja. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, faifan ciki sun ƙone. Sauke kasko, wanke raga, zuba man giya samfurin Dexron III a madadin Type A na da. Akwai siririn ƙarfe da ya haɗa kafireta da giya, shi ke gaya mata yadda aka taka totur. Yi masa alama kafin ka cire kafireta. Idan saitinsa ya goce, giya za ta riƙa fizga ko zamewa, mutum ya zaci ta mutu.

Wutar motar bolt 12 ce, tun 1953 Cadillac ta bar bolt 6. Kafin ka ɗaura batir sosai, kashe komai, sa ƙaramar fitilar gwaji tsakanin kan batir mai alamar (-) da wayarsa. Ta kama, akwai abin da ke jan wuta, sai ka bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Duba wayoyin da ke ratsa tsakanin ƙofa da bodi zuwa gilasan lantarki, nan suke karyewa. Idan an cire dinamo aka mayar, a taɓa waya na ƙiftawar ido tsakanin ƙafar BAT da ta GEN a jikin regileta kafin a tayar, in ba haka ba regiletar na iya ƙonewa.

Fenti da ƙyalli

Sai motar ta yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku a kusa da gida, ka san inda take yoyo da inda take zafi, sannan ka yanke shawara a kan jikinta. A ganina, idan fentin masana'anta ya rage da yawa, a bar shi. Wanke da sabulu mai laushi, gwada man goge fenti da hannu a wuri ɓoyayye kamar ƙasan murfin but. Fentin wancan zamani siriri ne, inji mai gudu zai cinye shi a kan kusurwoyi cikin daƙiƙa. Kujerun fata a shafa musu mai sau da yawa cikin makonni kafin a zauna a kai, don busasshiyar fata tsagewa take yi.

Idan dole sai an sake fenti, kada a fesa yashi a kan bonet da rufi da ƙofofi, yana sa faffaɗan ƙarfe ya yi kumburi ya lotsa. A yi amfani da maganin cire fenti ko samfefa, da takunkumi saboda dalma. Ranar da ƙarfe ya fito tsirara, ranar za a fesa masa shimfiɗar ifoksi. Idan za a ɗaga bodi daga shasi, a fara walda sanduna a tsallake ƙofofi, musamman a samfurin da ba shi da ginshiƙi tsakanin tagogi, in ba haka ba bodin zai murɗe ƙofofi su daina rufuwa.

Kayan ƙyalli iri uku ne, kuma maganaɗisu zai taimaka wajen rarrabe su. Bamba ƙarfe ce mai kauri, ana sake mata rufin tagulla da nikel da kurom. Sandunan gefen gilasai da dama ƙarfe ne mara tsatsa, ba sa buƙatar rufi: a daddale lotsawar daga baya da ƙaramar guduma, a bi da samfefa daga lamba 400 har 2000, a goge. Na ukun su ne kayan zubi na zinc, kamar hannun ƙofa da tambura da adon bonet. Waɗannan ƙuraje suke yi daga ciki, kuma kowane ƙurji sai an haƙe shi an cike kafin a rufe, shi ya sa gyaran ƙaramin abu ɗaya kan fi sayen wani mai lafiya tsada. Kafin ka miƙa wa mai kurom kaya, jera su a ƙasa ka ɗauki hoto, ka rubuta adadinsu a takarda ku duka ku sa hannu, ka kuma gwada bamba a jikin motar kafin a rufe ta, don bayan an yi kurom ba a sake lanƙwasa ta.